NISAN TAFIYA A JIRGIN SAMA: DAGA MAIGATARI ZUWA IKKO

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasashensu ke can bakin iyaka, nesa da manyan birane. Dalili kuwa, a zamanin nan sau da yawa talaka yakan zo ƙofar hakimi da tambaya a kan tafiyar jirgin sama. Wani ɗansa ne aka kira aiki a Ikko, aka yanka masa rana. Wani mara lafiya gare shi, likita ya ce a kai shi babban asibiti da gaggawa. Wani kuwa maniyyaci ne, yana son ya san abin da ke gabansa. Tambayarsu duka ɗaya ce, watau nisan wurin nawa ne, kuma awa nawa za a yi kafin a kai.

Amsar da aka saba ba su ita ce, daga Kano zuwa Ikko awa ɗaya da rabi ne. Wannan magana gaskiya ce, amma ba ta cika ba. Mutumin ƙauye da ya dogara gare ta kaɗai yana iya fitowa gida a makare, ya tarar jirgi ya tashi, kuɗin da ya sayar da sa ya biya su salwanta. Saboda haka ya kamata malamin hakimi ya san yadda ake auna nisan sama, da inda ya bambanta da nisan ƙasa. An ɗauki Maigatari ta ƙasar Gumel, cikin Jihar Jigawa, don a yi misali da ita, domin tana daf da iyakar Nijar, kuma mutanenta sun daɗe suna hulɗa da Ikko, wadda a yau aka fi kira Legas, ta wajen cinikin dabbobi. Amma hanyar lissafin ɗaya ce ga kowane gari.

NISA IRI UKU NE

Idan an ce nisan gari kaza daga gari kaza, lalle ne a fara sanin wane nisa ake nufi, gama iri uku ne.

Na fari shi ne nisan miƙe, watau tsawon zaren da za a ja daga wannan gari zuwa wancan ba tare da ya karkata ko'ina ba, ya ƙetare kogi da dutse da daji. Shi ne mafi gajarta, babu wanda ya kasa shi. Daga Maigatari zuwa filin jirgin sama na Ikeja, inda jiragen Ikko ke sauka, nisan miƙe kamar kilomita 960 ne.

Na biyu shi ne nisan hanyar da jirgi ke bi. Mutane da yawa suna tsammani sama fili ce kawai, jirgi na bin inda ya ga dama. Ba haka ba ne. Akwai hanyoyi da aka shata a sama, ko da ya ke ido ba ya ganinsu, kuma akwai ma'aikata a ƙasa waɗanda ke magana da direban jirgi ta rediyo, suna nuna masa inda zai bi da tsayin da zai yi, don kada jirage su yi karo. Sa'an nan wajen tashi da wajen sauka tilas ne ya ɗan yi kewaye, ya fuskanci iska. Saboda haka hanyar jirgi kullum takan ɗara nisan miƙe, ko da kaɗan ne.

Na uku shi ne nisan tafiyar mutum kansa, tun daga zauren gidansa har masaukinsa a birni. Wannan shi ne ya fi damun talaka, kuma shi ne ba a rubutawa a tikiti. Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Maigatari. Dole matafiyi ya fara shiga mota zuwa inda filin jirgi yake, Kano ko Dutse, kāna ya hau.

YADDA AKE AUNA NISAN MIƘE

Masana sun tabbatar duniya a mulmule take, kamar lemo, kuma kewayenta kamar kilomita 40,000 ne. Sun raba wannan kewaye kashi 360, kowane kashi ana kiransa daraja, 'yan makarantar boko kuwa suna cewa digiri. In an raba 40,000 gida 360, za a ga kowace daraja ta tashi kamar kilomita 111. Wannan ilmi ba sabo ba ne, ba kuma na Turawa kaɗai ba ne. Tun wajen shekara ta 830 ta Miladiyya Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana taurari cikin fili, suka yi ta tafiya suna awo da igiya suna duban tsayin rana, har suka fitar da tsawon daraja ɗaya, kuma abin da suka samu bai yi nisa da na yau ba.

A kan taswira akwai layuka iri biyu. Akwai na kwance, waɗanda ke nuna yadda gari ya yi arewa ko kudu daga layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. Akwai na tsaye, waɗanda ke nuna yadda ya yi gabas ko yamma daga layin da ya ratsa ta birnin Landan. Kowane gari a duniya yana da lambobi biyu na waɗannan layuka, babu garin da ya haɗa lamba da wani. A da sai an nemi taswirar ofishin safiyo kafin a same su, amma yanzu wayar hannu mai taswira tana nuna su nan take.

Maigatari tana wajen daraja 12.8 arewa, da 9.4 gabas. Ikeja kuwa tana wajen daraja 6.6 arewa, da 3.3 gabas. In an ɗebe ƙarami daga babba, za a ga Ikeja ta yi kudu da Maigatari da daraja 6.2, ta kuma yi yamma da ita da daraja 6.1. Darajar kudu da arewa kilomita 111 ce ko'ina, saboda haka 6.2 ta ba da kamar kilomita 690. Ta gabas da yamma kuwa tana raguwa in ana yin nesa da tsakiyar duniya, domin layukan tsaye suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ƙuryar arewa. A tsakiyar wannan tafiya kamar kilomita 110 ce, saboda haka 6.1 ta ba da kamar kilomita 670.

Daga nan abin da ya rage mai sauƙi ne, kowane malami yana iya yinsa da rula da fensir. Ya sa ɗigo a takarda ya ce nan ce Maigatari. Ya ja layi ya yi ƙasa sosai, tsawon milimita 69. Daga ƙarshen wannan layi ya ja wani ya yi hagu sosai, tsawon milimita 67, ya sa ɗigo ya ce nan ce Ikeja. Sa'an nan ya aza rula tsakanin ɗigon fari da na ƙarshe. Zai samu milimita 96. Tun da ya ke kowace milimita an ɗauke ta a matsayin kilomita goma, nisan miƙe ya zama kilomita 960.

Wanda ke da taswira mai ma'auni a jikinta ba ya ma bukatar wannan. In an rubuta 1:1,000,000 a gindinta, to, kowace santimita a takarda kilomita goma ce a ƙasa. Sai dai a lura, wannan dabara ta rula tana aiki ne ga tafiya irin ta cikin Nijeriya. In tafiya ta kai dubban kilomita, kamar zuwa Ingila ko Amurka, shimfiɗaɗɗiyar taswira takan yi ruɗi, gama ba a shimfiɗa ɓawon lemo a kan faifai sai ya yage ko ya miƙe. A nan sai a nemi taswira mai siffar ƙwallo, a ja zare a kanta tsakanin garuruwan biyu, a auna zaren.

MIL DA KILOMITA

Nan ne malamai suka fi yin kuskure, saboda haka sai a kula. Tsofaffin takardun En'e da mil aka rubuta su, kuma dattawa har yanzu da mil suke magana. Tun cikin shekarun 1970 Nijeriya ta koma awo da kilomita. Mil ɗaya mita 1,609 ce, watau mil biyar kamar kilomita takwas ke nan. Ma'aikatan jirgin sama da na jirgin ruwa kuma suna da tasu mil dabam, wadda ake kira mil ta teku, ita kuwa mita 1,852 ce.

To, ga abin da wannan ke haifarwa. Nisan nan ɗaya na Maigatari zuwa Ikeja, wani zai ce 960, wani ya ce 600, wani ya ce 520, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Na fari da kilomita ya faɗa, na biyu da mil ta ƙasa, na uku da mil ta teku. Don haka duk malamin da zai rubuta nisa a wasiƙa ko a takardar neman kuɗin tafiya, kada ya rubuta lamba tsirara. Ya bayyana ma'aunin, ya kuma bayyana ko ta sama ake nufi ko ta ƙasa.

ABIN DA YA SA HANYAR ƘASA TA FI TSAWO

Daga Kano zuwa Ikeja nisan miƙe kamar kilomita 835 ne. A mota kamar kilomita 1,000 ne, a hanyar jirgin ƙasa kuwa ya haura 1,100. Bambancin ya zo ne daga abu biyu. Ɗaya, hanya takan bi garuruwa don ta ɗauki mutane da kaya. Reluwe ya iso Kano a 1911, kuma hanyarsa ta Ikko ta bi ta Zariya, da Kaduna, da Minna, da Ilori, da Ibadan. Reshen Nguru, wanda aka gama a 1930, shi ne ya ratsa ƙasar Gumel ta Gagarawa. Na biyu kuwa, kogin Kwara ya gitta tsakanin arewa da kudu maso yamma, ba a ƙetare shi sai inda aka yi gada, kamar Jebba, ko wadda ke kusa da Lakwaja. Mota tilas ta nemi gada, jirgin sama kuwa ba ruwansa da ita.

Mutanen Maigatari sun yi sa'a ta wani wajen, domin Kano ta faɗo kusan a kan zaren da aka ja daga garinsu zuwa Ikko. Daga Maigatari zuwa filin jirgin Kano nisan miƙe kamar kilomita 130 ne. In an haɗa da 835 ya zama 965, bai ɗara 960 da wani abin kirki ba. Watau mutumin Maigatari in ya nufi Kano don ya hau jirgi, gaba yake ci. Ba kowace ƙasa ce ta sami haka ba. Akwai hakiman da mutanensu sai sun yi baya, sun nufi arewa ko gabas, kafin su kai filin jirgin da zai kai su kudu. Irin waɗannan ya kamata su auna da kyau, gama wani lokaci filin da ya fi kusa ba shi ne ya fi sauƙi ba, in jiragensa ba kullum suke tashi ba. An buɗe filin jirgin Dutse a 2014, kuma alhazan Jigawa sukan tashi daga can, amma jiragen Ikko sun fi yawa a Kano.

NISA DABAM, LOKACI DABAM

Jirgin fasinja na zamani in ya daidaita a sama, a tsayin kamar mita 10,000, yana gudun abin da ya kai kilomita 800 a awa. Da a ce da wannan gudu yake farawa ya gama, da awa guda da 'yan mintoci ya isa Ikko daga Kano. Amma hawa da sauka a hankali ake yinsu, ga kuma jiran izini a bakin fili, shi ya sa ake ƙiyasta awa ɗaya da rabi.

Yanzu sai a duba tafiyar mutumin wani ƙauye na ƙasar Maigatari, a ƙiyasce. Daga ƙauyensu zuwa tashar mota, a babur ko a amalanke, a ba shi awa ɗaya, in damina ce ma ya fi. Daga Maigatari zuwa Kano ta Gumel, hanyar da ta haura kilomita 140, a ba shi awa uku, har da jiran mota ta cika. A filin jirgi ana son ya iso kamar awa biyu kafin lokacin tashi, don a duba tikitinsa da shaidarsa, a auna kayansa, a caje shi. Tafiyar sama awa ɗaya da rabi. Jiran kaya a Ikeja rabin awa. In Agege za shi, inda tsohon zangon Hausawa yake, kusa ne. In kuwa cikin tsibirin Ikko za shi, cunkoson motoci yana iya cin awa ɗaya ko biyu. Jimla kamar awa tara ke nan, in kome ya tafi daidai.

Abin lura a nan shi ne, kilomita 835 na sama awa ɗaya da rabi suka ci, amma ɗan guntun da ke tsakanin ƙauye da Kano ya ci awa huɗu. Ashe nisan ƙauye daga birni ba a sama yake ba, a ƙasa yake, tsakanin ƙofar gida da filin jirgi. Duk hakimin da ya tsaya aka gyara hanyar da ta fito daga ƙauyukansa zuwa kwalta, ya rage wa mutanensa nisan Ikko fiye da yadda sabon jirgi zai rage.

Akwai kuma abubuwan da ke ƙara lokaci ba tare da nisa ya ƙaru ba. Da hunturu, tun daga Disamba har Fabrairu, hazo yakan rufe Kano har direba ya kasa ganin fili, sai a jinkirta tashi, wani lokaci a soke na ranar ɗungum. Da damina kuma jirgi ba ya kutsawa cikin gangamin hadari, kewaye shi yake yi. Wanda aka yanka wa rana a Ikko cikin waɗannan watanni, kada ya bari sai ranar, ya tafi tun ana gobe.

TAƘAITACCEN TARIHI

Jirgin sama ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman. Jirage uku ne na sojan Ingila, sun taso daga Masar a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Coningham, suka biyo ta Hartum da Fashir da Fort Lamy, wadda yanzu ake kira Njamena. Wannan kuwa kusan ita ce tsohuwar hanyar alhazai, sai dai su daga gabas suka biyo ta. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano, kāna aka miƙa ta har Ikko. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu jiragen yaƙi masu yawa sun riƙa yada zango a Kano, daga Takoradi ta ƙasar Gana ta yanzu, a kan hanyarsu ta zuwa Masar. A 1958 aka kafa kamfanin jiragen sama na Nijeriya, ya yi aiki har 2003. Yanzu kamfanonin 'yan kasuwa ne ke jigilar cikin gida. Filin Kano ana kiransa da sunan Malam Aminu Kano, na Ikeja kuwa da sunan Janar Murtala Muhammed.

Daga Kano zuwa Jidda nisan miƙe kamar kilomita 3,400 ne, ya fi na Ikko sau huɗu, kuma ya nufi gabas ne da ɗan karkata arewa, kusan yadda alƙibla take. Kakanni sun yi wannan tafiya a ƙasa ta Barno da Wadai da Darfur, suna tafe suna noma suna ƙwadago, wasu shekaru suka yi, wasu ma can suka zauna, zuriyarsu na Sudan har yau. Yanzu jirgi na yin ta cikin kamar awa biyar. Amma a 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan aka rufe samaniyarta, jiragen alhazai suka riƙa yin kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗi ya ƙaru, alhali Jidda na nan inda take. Wannan ya isa shaida cewa nisan miƙe dabam, hanyar jirgi dabam.

A wasu ƙasashe ma lamarin ya fi haka. A can ƙuryar arewacin Kanada akwai wani yanki mai suna Nunabut, garuruwansa 25, babu ko ɗaya da hanyar mota ta haɗa shi da wani, balle da biranen kudu. Kowane gari da ɗan filin jirginsa, mara lafiya da ɗan makaranta da wasiƙa duk ta sama suke tafiya, manyan kaya kuwa sai jirgin ruwa in ƙanƙara ta narke. Saboda haka abinci da kome yana da tsada ƙwarai a can. Ƙauyukan arewacin Nijeriya sun fi su sauƙi, tun da ya ke ga mota ga jirgi, mutum ya zaɓi wanda ya dace da bukatarsa. Shanun da ake saye a kasuwar Maigatari ran Alhamis a tirela suke zuwa Ikko, mai su kuwa in ya so ya riga su ta sama.

ABIN DA YA KAMATA MALAMIN HAKIMI YA RIƘE

1. Ya sami littafi ya rubuta nisan garin hakimi, da na manyan ƙauyuka, zuwa filayen jirgi biyu mafi kusa, da awoyin da mota ke yi da rani da kuma da damina.

2. In an tambaye shi tsawon tafiya, ya faɗi jimlar duka tun daga gida, kada ya tsaya ga awoyin sama kaɗai.

3. In jirgin safe ne, ya ba matafiyi shawara ya kwana a Kano. Kuɗin kwana ɗaya bai kai hasarar tikiti ba.

4. Ya tabbatar sunan da ke kan tikiti daidai yake da na katin shaidar mutum, harafi da harafi. Wanda aka san shi da laƙabi a gari, sunansa na takarda za a rubuta.

5. Ya gargaɗi matafiyi a kan kaya. Kowane kamfani da nauyin da ya yarda a ɗauka kyauta, abin da ya haura sai an biya a kan kowane kilo. Wuƙa da aska da almakashi ba a shiga da su a hannu ko a aljihu.

6. In mara lafiya ne, a nemi takardar likita tun da wuri, a kuma sanar da kamfanin jirgi kafin ranar tafiya, domin ba kowane majinyaci ake ɗauka ba sai da shiri.

7. In shi kansa bai tabbata ba, ya tambayi ofishin kamfanin jirgi ko hukumar alhazai ta jiharsa, kada ya ba da amsa da ka. Matambayi ba ya ɓata.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wa dagatai da masu unguwanni wannan bayani in sun taru, su kuma su isar ga talakawansu. Allah ya kiyaye matafiya, na sama da na ƙasa, ya mai da kowa gida lafiya.